Iska Tana da Nata Rabo a Kowane Jifa

'Ya'yana, ku gyara zama, yau zancen jifa nake so mu taɓa.

Abin da ya tayar da shi wani jikana ne da ke aji biyar a sakandare. Ya same ni a zaure bayan la'asar, littafi a hannu, fuska ba walwala. An ba su aikin gida: an buga ƙwallo da gudun mita 30 a sakan ɗaya, a kusurwar digiri 45, a nemo inda za ta sauka. Ya yi lissafinsa tsaf, ya sami mita 92 ba kaɗan, kuma bai yi kuskure ba. Sai ya ce, "Kaka, filin ƙwallo gaba ɗayansa mita ɗari ne da 'yan kai. In wannan lissafin gaskiya ne, ai golanmu zai riƙa bugowa daga ragarsa ta sauka a gaban ragar abokan karawa. Ni kuwa kullum a tsakiyar fili nake ganin tana dira." Na ce, "Aboki, karanta mini ƙarshen tambayar." Ya duba, ya karanta: a ɗauka babu turjiyar iska.

Wannan ɗan layin na rubuta shi a allo ba adadi a shekarun da na yi ina koyarwa, kuma sau da yawa nakan wuce shi da sauri domin manhaja tana jira. Yanzu da na zauna na ga cewa abin da muke cewa a ajiye gefe shi ne rabin labarin. Shi nake so in mayar muku.

Ni a gona na fara karatun nan, tun ban san ana kiransa kimiyya ba. Idan gero ya fara ido, jan baki sukan sauko garke garke kamar hayaƙi, sai a tura mu yara tsaron tsuntsu tun da asuba. Kawuna ne ya tufka mini majajjawata ta farko da zaren rama: igiya biyu, da ɗan shimfiɗaɗɗen wuri a tsakiya inda dutse ke zama, bakin igiya ɗaya a zarge a yatsa, ɗayan a riƙe da babban yatsa har lokacin saki. Ranar farko duk abin da hannuna ya kai shi nake ɗorawa: totuwar masara, busasshen hoge, tsingaro. In wulwula har kafaɗata ta yi tsami, in saki, abin ya yi ɗan ƙugi ya faɗo nan kusa, tsuntsaye ko gezau. Kawu ya tsaya yana kallona, sannan ya sunkuya ya tsinto wani mulmulallen dutse da bai kai ƙwan zabo ba, ya sa mini a tafin hannu. Ya ce, "Ɗana, ba a ɗora sakayau, ba a ɗora mai faɗi. Nemi ƙarami mai nauyi." Bai wulwula da rabin ƙarfin da nake yi ba, amma dutsen nan sai da ya tsallake kunyoyin gonarmu ya faɗa ta maƙwabta. Inda babu duwatsu, yumɓu mukan cura mu shanya a rana, mu cika aljihu da shi.

Kawu bai taɓa shiga aji ba, amma abin da ya faɗa shi ne abin da littafi ya zo ya tabbatar mini bayan shekaru. Ga yadda abin yake.

Da yake ba ma ganin iska, sai mu ɗauka ba komai ba ce. Alhali tana da nauyi. Akwatin da tsawonsa, faɗinsa da tsayinsa duk mita ɗaya ne, iskar da ke cikinsa ta kai kilo ɗaya da ɗan ɗori, kimanin 1.2 a bakin teku. Ɗakin da ke da mita huɗu a tsawo, huɗu a faɗi, uku a tsayi, iskar cikinsa ta fi buhun siminti nauyi. To duk abin da ka jefa, sai ya ture wannan iskar daga gabansa kafin ya wuce, kamar mai kutsawa cikin cunkoson kasuwa. Yana ture ta, tana ture shi. Kowane taku sai ya biya da wani abu daga cikin gudunsa.

Yawan abin da zai biya ya danganta da faɗin ƙirjin da ya tara wa iskar. Yadda biyan zai yi masa ciwo kuma ya danganta da nauyinsa. Totuwa da dutse in girmansu ɗaya, kusan turi ɗaya iska ke yi musu, sai dai dutse yana da abin jurewa, totuwa ba ta da shi. Hausawa sun gama magana da suka ce iska na wahalar da mai kayan kara. Akwai kuma wani lissafi mai daɗi a nan da nake so ku riƙe. In ka ninka kaurin dutse sau biyu, faɗin fuskarsa ya ninku sau huɗu, amma nauyinsa ya ninku sau takwas. Ke nan babban dutse ya fi ƙarami raina iska, ƙarami ya fi tsakuwa, tsakuwa ta fi yashi. Ɗebi yashi cike da hannu ka watsa da iyakar ƙarfinka, ka ga ko zai kai taku goma. Alhali shi ma ɗin dutse ne, farfashe shi kawai aka yi.

Iyayenku mata da wannan ilimin suke aiki a masussuka. Mace ta ɗaga ƙwarya sama da kanta, ta juya gefenta ga iska, ta tsiyayo a hankali. Tsaba ta sauko tsaye ta taru a gabanta, ƙaiƙayi ya yi gefe. In iska ta ɗauke, sai ta sauke ƙwarya ta jira, don ta san ba hannunta ke raba su ba. In kuka bi wannan zaren har ƙarshensa, za ku iske ƙurar hunturu. Mafi yawan hazon da ke rufe mana rana daga ƙwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Cadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi. Ƙwayoyinsa sun yi ƙanƙanta har nauyinsu ya kusa zama ba komai a gaban iska, sai ta ɗauke su ta bi da su ta kanmu, wasu har su tsallake Tekun Atalantika su sauka a Kudancin Amurka. Tsakuwar da ke kwance kusa da su tana nan inda take.

Yanzu ga wurin da na fi so ku saurara da kyau, ku samari masu ji da ƙarfi. Turjiyar iska ba a tsaye take ba, tana ƙaruwa da gudu, kuma ba kai da kai suke tafiya ba. In ka ninka gudu sau biyu, turjiya takan ninku kusan sau huɗu. In ka ninka sau uku, ta ninku sau tara. Duk wanda ya hau babur da babbar riga ya san wannan a jikinsa. A gudun kilomita 40 a awa rigar kaɗawa kawai take yi. A 80 sai ta cika ta yi tim, tana neman fizge ka daga kan sirdi, idanu na hawaye, mai kuma yana ƙonewa a banza wajen faɗa da abin da ba a gani.

A littafi, inda aka ce babu iska, in ka ninka gudun jifa sau biyu nisansa sau huɗu yake ninkuwa. A fili ba haka ba ne. Ƙwallon jikan nawa, wadda nauyinta bai kai rabin kilo ba, lokacin da ta bar ƙafa da gudun mita 30 a sakan, iska tana danna ta baya da ƙarfin da ya kai nauyin ita kanta ƙwallon. Shi ya sa maimakon mita 92 sai ta sauka a hamsin da 'yan kai, tsakiyar fili ke nan, daidai inda idon yaron ya gani. In gola ya ƙara ƙarfi zai sami ƙari, amma ba gwargwadon abin da ya zuba ba, domin mafi tsananin harajin a farkon tafiya ake karɓarsa, lokacin da gudu ya fi yawa. Ku gwada da takarda. Ku dunƙule ta sako-sako ku jefa a hankali, sannan ku jefa da dukkan ƙarfinku. Bambancin ba zai taka kara ya karya ba. Sai ku matse ta tamau ta zama ƙaramin curi, ku sake jefawa ba tare da wani yunƙuri ba. Takarda ɗaya, nauyi ɗaya, hannu ɗaya, amma za ta wuce inda ta farko ta tsaya. Na ga yara da yawa suna gurɗe kafaɗa wajen neman nisa, alhali gyaran abin jifan ne ya rage musu.

Hatta siffar tafiyar takan canja. Zanen littafi baka ne mai kyau, hawa da sauka daidai wa daida. Amma ku tsaya a gefen fili ku bi ƙwallon gola da ido: takan tashi a miƙe, ta yi nisa, sannan can wajen ƙarshe ta yi kamar ta gaji, ta sulmiyo a tsaye fiye da yadda ta hau. Gudun gaba ya ragu sosai a hanya, jan da ƙasa ke yi mata ya rinjaya. Saboda haka ne digiri 45 ɗin da kuka haddace ba shi ne mafi nisa ba in akwai iska. Wanda ya cilla sama sosai ya daɗe a hannun iska, ita kuwa ba ta gajiya da karɓa. Gara a ɗan kwantar da jifan ƙasa da haka, kuma iya rashin nauyin abu iya yadda za a ƙara kwantar da shi.

Kada wannan ya sa ku raina littafinku. Mutane sun yi ƙarnuka kafin su kai ga wancan ɗan layin. Aristotal na Girka cewa ya yi iska ce ma ke tura abin da aka jefa bayan ya bar hannu. Wani malami a Iskandariyya a ƙarni na 6, Yohana Filoponus, ya ƙi yarda, ya ce mai jifa ne ke sa wa abin wani ƙarfi da yake tafiya da shi. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ƙara gaba a littafinsa Kitabus Shifa: ya ce wannan karkata da aka sa wa abin jifa ba ta ƙarewa don kanta, abin da ke waje irin su iska ne ke cinye ta, kuma da za a sami sarari fanko da babu komai, da abin bai tsaya ba. Ku dubi zurfin wannan tunani daga mutumin da bai taɓa ganin wurin da babu iska ba. Galiliyo na Italiya ne ya fitar da lissafin bakan nan a littafinsa na 1638, kuma shi da kansa ya bayyana cewa iska tana ɓata lissafin, musamman ga abu marar nauyi da abu mai tsananin gudu irin harsashi. Ya ajiye iska gefe ne da gangan don ya ga ƙashin bayan al'amarin, da niyyar a dawo da ita. A 1971 wani ɗan sama jannatin Amurka, David Scott, ya tsaya a kan wata inda babu iska, guduma a hannu ɗaya, gashin shaho a ɗayan. Ya sake su tare, suka dira tare. Hoton yana nan a intanet, ku nema ku gani da idonku. Lissafin gaskiya ne. Kuskuren shi ne a fito daga aji a manta cewa an bar wani abu a bakin ƙofa.

Waɗanda suka koma suka ɗauko shi kuwa sun ga abin mamaki, domin iska ba kullum take hana tafiya ba. Wanda ya san halinta yakan sa ta aiki. Ku ɗauki jifan mashi a wasannin motsa jiki. Mashin maza giram 800 ne, siriri, mai tsini, ba ya tara wa iska ƙirji, kuma in ya ɗan ɗaga kai iskar da ke bi ta ƙarƙashinsa takan tallafe shi kamar fiffike. Masu ƙira suka yi ta gyara shi yana ƙara shawagi, har a 1984 a Balin wani ɗan Jamus ta Gabas, Uwe Hohn, ya jefa shi mita 104.80. Filin ya kusa kasa ɗaukar jifan, ga kuma gardamar da ake yawan yi saboda mashi yana sauka a kwance, ba a san inda za a auna ba. Sai a 1986 hukumar wasannin ta canja ƙirar: aka matsar da tsakiyar nauyin mashin gaba da santimita 4 kacal, faɗin yatsu biyu. Nauyi bai canja ba, ƙarfin 'yan wasa bai ragu ba, amma mashi ya koma yana sunkuyar da kai da wuri yana cakewa a ƙasa, nisa ya ragu da mitoci da dama. Daga ranar har yau ba wanda ya sake kai mita 100 a gasa. Yatsu biyu suka yi wannan aikin.

Ina son labarin Julius Yego na Kenya saboda ku. Ƙasarsu da gudu aka san ta, masu koyar da jifan mashi ba su da yawa, sai ya riƙa kallon gwanaye a YouTube yana lura da yadda suke riƙo, da takunsu, da kusurwar da suke saki. A 2015 a Bejin ya jefa mita 92.72 ya zama zakaran duniya. Irin bidiyon da ya yi karatu da su ana samunsu a wayar da ke aljihun yawancinku.

Masu jifan faifai kuma, faifan nan mai kilo biyu, sun fi son iska mai matsakaicin ƙarfi ta fuskanto su maimakon ta biyo bayansu, domin tana shiga ƙarƙashin faifan ta ɗaga shi ya ƙara nisa. Ƙwallon golf ma haka take da nata sirrin. 'Yan wasan da suka gabata sun lura tsohuwar ƙwallo mai tabo ta fi sabuwa mai santsi nisa, shi ne aka koma yi mata 'yan ramuka da gangan. Ramukan sukan sa iska ta manne wa jikin ƙwallon ta zagayo bayanta, wurin da ke jan ta baya ya tsuke, har ta yi kusan ninki biyu na tafiyar mai santsi. Hankali zai ce santsi ya fi sulɓi, gwaji ya ce a'a. Waɗanda suka kalli gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu za su tuna kukan da masu tsaron gida suka yi da ƙwallon Jabulani, mai ƙyalle takwas maimakon talatin da biyun da aka saba, wadda kan yi lilo a sama ba a san inda za ta nufa ba. Ga shi kuma wasu filayen, kamar na Johannasbag, suna kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,700, inda iska ba ta da kauri sosai. Ko a nan gida, iskar Jos ta fi ta Legas sauƙi da kimanin kashi ɗaya cikin goma, don haka bugu iri ɗaya ya fi tafiya a kan tsaunin. Jamusawa sun yi amfani da wannan a 1918 ta mummunar hanya, lokacin da suka riƙa harbin birnin Paris daga nisan kimanin kilomita 120. Sun ɗaga bakin igwar sama da digiri 45, don harsashin ya yi maza ya haye can wajen kilomita 40 inda iska ta kusa ƙarewa, ya yi yawancin tafiyarsa ba mai tare shi.

Akwai rahama a cikin wannan turjiya da ban cika jin ana ambata ba. Ɗigon ruwan da ya taso daga gajimare mai tsayin kilomita biyu, da babu iska, da gudun da ya haura kilomita 700 a awa zai iso mana. Ba ganyen da zai tsira, ba shukar da za ta miƙe. Amma yana saukowa gudunsa na ƙaruwa, turjiya na ƙaruwa, har su yi kunnen doki da nauyinsa, daga nan ba ya ƙara sauri. Manyan ɗigo ba sa wuce kimanin mita 9 a sakan. Shi ya sa yaro ke fita wanka a ruwan sama yana dariya. Duk lokacin da na tuna wannan sai na yi wa Allah godiya.

Sai dai harsashi ba ɗigon ruwa ba ne, kuma a nan ina roƙonku da babbar murya. Na sha ganin ana harbi sama a wajen biki ko murna, ana cewa ai sama aka yi. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Gaskiya ne iska tana rage masa gudu ƙwarai kafin ya dawo, amma harsashi shi ne ainihin ƙarami mai nauyin da kawuna ya kwatanta, an ƙera shi ne musamman don ya raina iska. Abin da ya rage masa ya isa ya huda kan mutum. Wanda aka harba a karkace ya fi haɗari, don bai rasa gudunsa na gaba duka ba, kuma yakan sauka a wata unguwa, kan wanda bai san ana biki ba. In kuna wurin da ake haka, ku hana in kuna da iko. In ba ku da shi, ku janye ƙannenku ku shiga ƙarƙashin rufi mai ƙarfi.

Jikan nawa bai bar maganar a zaure ba. Washegari da yamma ya ja ƙannensa biyu zuwa filin makarantar firamare da ke bayan gidanmu, ni ma na bi su da sandata na zauna a gindin darbejiya. Sun zo da dutse, da totuwa, da ƙwallon goruba, da tamola. Ɗaya na jifa, ɗaya na tsaye inda abu ya dira, ƙaramarsu na ƙirga taku tana rubutawa a bayan littafi. Kowane abu sau biyar, ana fuskantar gabas, sannan a juya yamma a sake, don kada iskar yammacin ta yi musu magudi. Wannan dabarar ta juyawa ba ni na ba su ba, ita yarinyar ce ta kawo ta.

Da magariba ta gabato ya zo ya tsuguna kusa da ni, gumi na zuba, ya nuna mini shafin. Dutse ne a gaba, goruba na bin sa, totuwa can baya. Ya ce bugun da ya ɗan kwantar ya fi wanda ya cilla sama da taku bakwai. Sannan ya ce, "Kaka, maganar faifan nan da kuka ce ya fi nisa in iska ta fuskanto shi, ita ce ban yarda ba tukuna." Na ce ya roƙi kakarsa tsohon murfin tukunya wanda ba ta amfani da shi, mu fito da hantsi, lokacin da iskar gabas ke kaɗawa sosai.